KIWON AGWAGI A GIDA: DARASI GA FALKEN DA BA YA KWANA GIDA

Ƴan'uwa fataken shanu, da dillalai, da masu kora, da direbobin da ke ɗaukar mana kaya, yau ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata ƴar dabba da yawancinmu muke rainawa, wato agwagwa. Na san wani zai yi dariya ya ce, mutumin da ke loda tirela da bijimai ina shi ina zancen agwagwa? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe.

Abin da ya sa na ɗauko zancen

Sana'armu tana da albarka, amma a bakin iyaka take rataye. Mun ga lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Mun ga na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, har zuwa watan Maris na 2024. Ga faɗuwar naira, wadda ta sa mutum ya sayi sa da sefa, ya sayar a Maigatari ko Mai'aduwa, in ya canza kuɗin ya tarar ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. A irin wannan lokaci jarinka yana tsaye da ƙafa huɗu yana cin harawa, gida kuwa ana jiran cefane. Ba a yanka sa don kuɗin gishiri da magi.

A rufewar 2023 na yi wata da watanni ban yi cinikin kirki ba. Abin da ya rufa mini asiri a wajen miya da sabulu da kuɗin makarantar allo na yara, wallahi agwagin uwargida ne, waɗanda da can nake yi wa tsawa don suna ɓata mini tsakar gida. Tun daga nan na zauna na koyi abin a wurinta da wurin ma'aikatan kiwo, shi ne nake son in ba ku abin da na samu.

Wace iri ce agwagwarmu?

Agwagwar da muke gani a gidajenmu daga Maraɗi zuwa Damagaram, zuwa Marwa da Garwa da Injamena, mai jan tsiro a fuska, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Masu Faransanci suna kiranta agwagwar Barbari, masu Ingilishi suna ce mata Maskobi. Ba ta da kwakwazo, namijin huci kawai yake yi. Tana jure zafi, tana neman abincinta da kanta, tana kwanci da kyau, kuma uwa ce mai tsaron ɗiyanta. Toro in ya ƙoshi yakan kai kilo 3 ko ya wuce, macen kuwa kilo 1 da rabi zuwa 2. Namanta ja ne, ba shi da kitse da yawa.

Akwai wasu iri na waje. Akwai farar Pekin ta ƙasar Sin, ta nama, da Kaki Kambel ta Ingila, wadda in ta sami abinci mai kyau takan yi ƙwai fiye da 250 a shekara. Sai dai Kambel ba ta damu da kwanci ba, kuma in babu abincin kamfani ba ta ba da wannan lissafi. In aka haɗa su barbara da tamu, ɗiyan da za a samu suna girma da nama, amma ba sa haihuwa, kamar dai alfadari. Saboda haka ga mai farawa, kuma wanda ba ya zaune a gida kullum, shawarata ya riƙe ta gargajiya.

Yadda za a fara

Kada a fara da yawa. Toro 1 da mata 5 sun isa. In toraye suka yi yawa faɗa za su yi ta yi, su wahalar da matan, har su tattake ƴan tsaki. A saya a wurin maƙwabci ko ɗan'uwa wanda ka san gidansa ba a yi mutuwar kaji ba kwanan nan. Kamar yadda kake duba sa kafin ka taya, haka za ka duba agwagwa: ido garau, hanci ba majina, gashin gindi ba kashi a manne, tafiya ba ɗingishi, ƙirji da tsoka in ka shafa. Toron kuma ya fito daga wani gida dabam da na matan. Duk shekara ko shekara biyu a musanya shi da na wani, don in uba yana hawan ɗiyansa iri yana lalacewa, ƙwai ya riƙa yin bara-gurbi. Mun san wannan a garke, ba sai an yi dogon bayani ba.

Agwagwarmu tana tashi sama, musamman macen. In an kawo sabuwa a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, gashin kawai, kada a kai ga tsoka. A tsare su kwana bakwai a ciki ana ba su abinci, sa'an nan a sake su.

Makwanci

Sakin agwagwa da rana ne, dare kuwa a rufe. Ɗan ɗaki na ƙasa mai mita 2 a kan mita 2 yana ɗaukar manya 10 zuwa 12. A yi masa tagogi ƙanana a sama da waya don iska, a toshe duk ramin da gafiya ko tunku ko maciji zai bi, ƙofa kuma mai rufuwa sosai saboda muzuru da kare da ɓarawo mai ƙafa biyu. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasa, a kwashe duk sati, domin kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, in ya taru yana wari yana kawo ciwo. Abin da aka kwashe taki ne mai kyau ga lambu.

A kifa tsohuwar randa ko fasasshiyar tukunya ta gefe a lungu mai duhu, a sa ciyawa busasshiya a ciki, kowace mace da nata gurbi. Yawanci da safe suke yin ƙwai, saboda haka kada a buɗe musu sai hantsi ya ɗaga. In ana sakinsu tun asuba, a ƙarƙashin rumbun maƙwabta za su je su zuba.

Kada a haɗa makwancinsu da na kaji. Dalilin yana zuwa a gaba.

Ruwa

Mutane da yawa suna cewa ba su da tafki, don haka ba za su iya ba. Agwagwarmu ba ta bukatar tafki. Abin da take bukata ruwan da za ta tsoma kanta duka ta wanke ido da hanci, da ɗan wurin wanka. Tsohuwar taya da aka tsaga biyu, ko rabin jarka, ko kwatarniya, duk sun isa. A canza ruwan kullum, a ajiye shi waje a inuwa, nesa da madafa da randar sha. Wanda ke da rijiya a gida ya ɗaga bakinta ya yi mata murfi. Kuma duk lokacin da aka ba su abinci a tabbata ruwa na kusa, don agwagwa tana ci tana kurɓa, busasshen gari yana shaƙe ta.

Abinci

Agwagwar da aka saka tana cin ɗanyar ciyawa, da fara, da tana, da kwaɗi ƙanana, da tsutsa, da ƙuda. Wanda yake da turke ko garken kiwo a bayan gida zai ga amfaninsu, domin suna bin kashin shanu suna tsince tsutsa, ƙuda yana raguwa ƙwarai, kuma abin da shanu suka zubar na dusa ba ya asara. Amma kiwon sake kaɗai ba ya isa, balle da rani. A gidana manya shida ana jiƙa musu kusan rabin tiya na dusar gero ko ta masara a yini, kashi biyu, safe da yamma, a haɗa da ƙasari da sauran tuwo da yankakken ganyen zogale ko alayyafo. Na yamma ya fi muhimmanci, shi ke sa su dawo gida da kansu kafin magariba.

Masu ƙwai suna son abin gina jiki da abin ƙarfafa ɓawo. A ba su garin ƙananan kifi, ko tunkuzar gyaɗa mai kyau, ko gara. Hanyar samun gara mai sauƙi ce: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, washegari da sassafe a ɗauka a zazzage musu. Ɓawon ƙwai da ƙashi kuwa a ƙona a daka a barbaɗa a cikin dusa.

Ga abubuwa huɗu da ke hannun kowane mai shanu, waɗanda ke kashe agwagwa:

1. Tunkuza ko masara ko dusa da ta yi fumfuna. Dafin fumfuna yana cin hanta, kuma a cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa ne ya fi saurin mutuwa da shi. Abin da ba za ka ci ba don ya yi kore, kada ka zuba musu.

2. Abincin shanu da aka haɗa da takin yuriya, da dutsen lasa, da ruwan kanwa ko gishiri mai yawa. Cikin saniya dabam, cikin tsuntsu dabam. Angurya ma ba abincinsu ba ce.

3. Ruwan maganin kaska. Wannan ni ya taɓa. Wata rana aka yi wa shanu feshi, yaro ya ɗauraye bokiti ya watsa ruwan a kwata. Kafin la'asar ƴan tsaki 23 sun mutu, ɗiyan uwa biyu. Laifina ne, don ban gaya masa inda zai zubar ba. A haƙa rami a zuba a rufe. Haka maganin ɓera da na feshin wake.

4. Mushe da ruwan da ya ruɓe. Agwagwa in ta ci tsutsar mushe ko ta sha ruwan kududdufin da abu ya mutu a ciki, sai ka ga wuyanta ya saki, ƙafa ta mutu, ta kasa ɗaga kai. Duk abin da ya mutu a binne shi da zurfi.

Wannan na ƙarshe ya haɗa da zancen da wasu ke yi cewa ba sa cin agwagwa don ƙazama ce. Naman agwagwa halal ne. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne jallala, dabbar da yawancin cinta najasa ne, kuma wannan ya shafi kaza da akuya ma. In gida da tsabta, an rufe masai, an gyara kwata, agwagwa ba ta da inda za ta sami ƙazanta. Wadda za a yanka a tsare ta kwana uku a kan dusa da ruwa mai kyau, zuciya ta natsu, naman ma ya fi daɗi.

Ƙwai da kwanci

Macen tana fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7. Takan jera 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, sa'an nan ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa ta kwanta. A shekara takan yi haka sau biyu ko uku. Ƙwanta babba ne, kusan biyun na kazar gida. In ƙwan ci ake so, a riƙa ɗauka kullum a bar mata ɗaya ko biyu da aka yi wa alama da gawayi, sai ta ci gaba da zubawa. A dafa shi ya dahu sosai, kada a ba yara ɗanye ko mai ruwa-ruwa.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: kaza kwana 21, zabuwa wajen kwana 28, agwagin waje kwana 28, agwagwarmu kwana 35. Mutane da yawa suna fasa ƙwai a kwana 30 su ce ya lalace, alhali saura kwana biyar. Don haka kuma ba a haɗa mata ƙwan kaza a gurbi ɗaya, domin in na kaza suka fito za ta tashi ta bar nata. Ƙwan da za a sa mata kada ya wuce kwana 7 zuwa 10 da yi, kuma kada ya fi abin da jikinta zai rufe, wajen 12 zuwa 15. A kwana na 10 a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda yake fayau a cire shi.

Mai kwanci tana fita sau ɗaya a yini ta ci ta yi wanka ta koma da laima a jikinta, kuma ƙwan yana son wannan laimar. A ajiye mata ruwa da abinci kusa, kada a kore ta, kada a bar wata ta shiga gurbinta ta ƙara ƙwai. A wurinmu ƙyanƙyasa ta fi kyau da damina da kaka. Cikin tsananin zafin bazara ƙwai da yawa yana lalacewa, gara a ci shi ko a sayar.

Ƴan tsaki

A nan ne riba take, a nan ne kuma ake asara. Yawancin mutuwa cikin sati huɗu na farko ne. Shirwa da shaho da hankaka suna ɗauka, ruwan sama yana dukansu, raɓar safiya tana sa musu sanyi, wasu su faɗa bokiti su kasa fita. Maganin shi ne a tsare uwa da ɗiyanta sati 3 zuwa 4 a wuri busasshe mai inuwa, a rufe sama da raga ko ƙaya. Ruwansu a faranti mara zurfi, a sa tsakuwa a ciki don su sha ba tare da sun jiƙe ba. Abincinsu tsakin masara ko gero da aka jiƙa, da dafaffen ƙwai a kwanakin farko, da gara, da garin kifi, da yankakken ganye, sau huɗu a yini. Wanda ke da hali ya sayi abincin ƴan tsaki na kamfani na wata guda, kuɗinsa yana fita. In aka ga ƙafafunsu suna lanƙwashewa, abinci ne ya gaza, a ƙara kifi da gyaɗa da ganye. A raba su da toro.

Wajen sati 6 zuwa 8 za a gane maza, sun fi girma da manyan ƙafafu. Masu kiwo da abincin kamfani suna yankawa a wata 3. Na sake kuwa sai wata 5 zuwa 6.

Cuta, da hakkin da ke kanmu mu masu ƙetare iyaka

Annobar nan da ke share kaji da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasal, ba ta cika kayar da agwagwa ba. Shi ya sa za ka shiga gari ka tarar kaji sun ƙare, agwagi na yawo. Amma agwagwa tana iya ɗauke da ƙwayar cuta tana lafiya lau, ta shafa wa kaji. Dalilin raba makwanci ke nan.

Babbar magana ita ce murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya, kuma a jikin agwagin gida aka gano ta. A watan Maris aka same ta a Marwa ta Kamaru, nan ma a agwagi. A farkon 2007 ta kashe mutum a Legas. Ta sake dawowa a 2015, ta taɓa Kano da Maraɗi. Ku dubi waɗannan garuruwa, duk hanyoyinmu ne. Kwandon kaji da agwagi da ake ɗaurawa a saman motar shanu, da kashin da ke manne a takalmi da taya, suna iya kai cuta daga wata ƙasa zuwa wata cikin yini guda.

Ni kaina na taɓa ganin araha a wata kasuwar bakin iyaka, na sayo agwagi huɗu na zuba cikin na gida a daren. Cikin kwana goma kajin gidan suka ƙare, har da na maƙwabta biyu. Ban san sunan ciwon ba, amma na san kunyar da na sha. Saboda haka:

Duk tsuntsun da aka sayo a ware shi sati 2 zuwa 3 nesa da na gida. Wanda aka kai kasuwa bai sayu ba, shi ma haka. In ka dawo daga tafiya ka wanke takalmi da hannu da sabulu kafin ka shiga wurinsu. A hana su zuwa tafkin da agwagin daji da kirinjijiya ke sauka, musamman da sanyi lokacin da tsuntsayen ƙetare ke zuwa. In aka ga mutuwa farat ɗaya da yawa, ko wuya na murɗewa, ko koren zawo, kada a yanka, kada a ci, kada a ruga kasuwa a sayar da sauran, kada yara su taɓa. A binne da zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa. In hukuma ta hana ƙetarewa da tsuntsaye, a bi doka. Wanda ya san dabbarsa ba lafiya ya sayar, ya ci haram, kuma ya cuci garin da ya kai ta.

Lissafi

Mu ƴan kasuwa ne, bari mu buga. Mata 5, kowace ta ƙyanƙyashe 10 sau biyu a shekara, ƴan tsaki 100 ke nan. A ce an yi asarar 40, saura 60. A ci 12 a gida, wata ɗaya agwagwa ɗaya, a bar 8 don iri, a sayar da 40. A kasuwannin da nake zuwa ƙosasshen toro yana yin kuɗin zakara biyu. Ciniki ya fi tashi a ƙarshen shekarar Nasara, lokacin Kirsimati da sabuwar shekara, sa'ad da masu kai kaya kudu suke saye da yawa. Wanda ya sa kwanci a farkon damina, watan Yuni, ƙyanƙyasa ta zo a Yuli, ya dace da wannan kasuwa daidai. A cire kuɗin dusa, abin da ya rage zai sayi tunkiya ko biyu, kuma mun san inda tunkiya take kai mai haƙuri.

Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, aikin nan mata da yara ke yinsa muna can kan hanya. In agwagin na matarka ne, kuɗin nata ne. In ka ranta ka biya, in ba haka ba gobe ba mai tashi ya ɗebo gara. Na biyu, maƙwabci yana da hakki. Agwagwa tana shiga lambu ta cinye shuka, tana ɓata ruwan mutane. Wanda gidansa ke cikin gari ya yi shinge, wanda ta yi wa ɓarna a ba shi haƙuri a biya shi.

Duk wanda yake da wata dabara da ban ambata ba, musamman ƴan'uwanmu na bakin Tafkin Cadi da na Logon waɗanda suka fi mu ruwa, ya rubuto wa ƙungiya a buga don kowa ya amfana. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, babba da ƙarama, ya kai mu kasuwa lafiya ya dawo da mu gida lafiya.